Haƙorin da Gaisuwa Ta Cinye

A shekarun da man fetur ya buɗe wa Gabon ido, babu Bahaushen da ya kai ni baƙin jini a Libreville. Ban cuci kowa ba, ban yi faɗa da kowa ba. Abin da ake riƙe da ni a kai shi ne wai ba na amsa sallama, kuma gaskiya ne, akwai lokacin da ba na amsawa.

Ni jikan maƙera ne daga Kano. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo ni don in tsare masa kanti a Nzeng-Ayong, lokacin unguwar ba ta gama fita daga daji ba. Na yi wata huɗu ina auna shinkafa ina miƙa gwangwanin kifi, har ya gane idan na ƙara wata guda zan kore masa masu saye da ɗaure fuska. Shi da kansa ya kai ni wani atiliye a bakin hanyar Ntoum, inda ake gyaran ƙarafan motoci da na injuna, ya ce wa mai wurin ga ɗan'uwan ƙarfe ya kawo masa, su ƙarata can.

Mai atiliyen dattijo ne ɗan ƙasa, gajere, tabaransa ɗaure da zare, ya daɗe yana aiki da Faransawa a tashar jiragen ruwa kafin ya buɗe nasa. Patoro muke ce masa, wato maigida. Ba ya jin Hausa, Faransancina kuma bai wuce na kanti ba. Sai dai hannuna ya san ƙarfe tun ina zuga wuta a maƙerar kakana, shi kuwa Patoro hannu yake kallo. Cikin shekara biyu ya ɗauke ni daga goge-goge ya ɗora ni a kan injin firez.

Firez zagayayyiyar wuƙa ce ta ƙarfe mai tauri, da haƙora a kewayenta, tana juyawa a kan sanda. Ana ɗaure aiki a kan tebur, teburin ya riƙa tura shi a hankali ƙarƙashin wuƙar tana fere shi, wani farin ruwa kamar madara yana zuba a kai don kada ta yi zafi ta dakushe. A maƙera mukan sa ƙarfe a wuta mu lallashe shi da guduma, in ya karkace mu mayar. A nan abin da wuƙa ta ɗauke ya tafi ke nan. Injin namu tsoho ne, teburinsa yana da 'yar rawa, saboda haka dole aiki ya tari wuƙar gaba da gaba. Idan ka tura shi ta inda take juyawa sai ta fizge shi ta karye, Patoro ya yi kwana uku bai kalle ka ba.

Garin a lokacin tafasa yake. Duk inda ka juya gini ake yi, manyan motoci suna jigilar siminti da tsakuwa ba hutu, kuma duk ƙarfen da ya karye a cikinsu sai an jira jirgin ruwa daga Faransa. Masu motoci ba su da wannan haƙurin, sai su zo wurinmu. Abin da suka fi kawowa shi ne pinyo, faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke cikin giyar mota, kuma shi ne aikin da ya fi kowane cin rai.

Ana ɗaure faifan ne a jikin wata na'ura da ake kira dibizer. Tana da hannun juyawa, da faranti mai huji-huji a kewaye, da ƙusa a jikin hannun wadda ke faɗawa cikin huji. Za ka yanka rami ɗaya, ka ja tebur baya, ka zare ƙusa, ka juya hannun iya abin da lissafi ya ba ka, ka saki ƙusar a hujin da ya dace, sannan ka matsar da wasu yatsu biyu na tagulla masu nuna maka inda za ka tsaya a karo na gaba. Haka za ka yi ta yi har ka zagayo. Idan ka kuskure huji sau ɗaya, injin ba zai ce maka uffan ba, sai ka zo haƙorin ƙarshe sannan ya nuna maka. Don haka Patoro ya kafa doka, daga zare ƙusa zuwa matsar da yatsu babu magana.

Dokar ba ta dami kowa ba sai ni. Ɗan ƙasa idan ya shigo, kalma ɗaya ce, a ɗaga hannu, an gama. Mu kuwa ka san mu. Da direbobin Hausawa da 'yan kasuwa suka ji ɗan'uwansu ne a kan firez, sai kowa ya mai da bayana wurin tsayawa. Mutum zai yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan jiya, ya koma kan gajiya kamar ta ƙaru daga ɗazu. Pinyo biyu na ɓata a kan ina gajiya. Daga na biyun na ɗauki alkawari, in dai pinyo yana kan inji, ko wane ne ya shigo sai dai ya yi da bango.

Tunda na tsufa bari in faɗi sauran. Na ji daɗin dokar nan fiye da yadda ya kamata. Akwai wani dillalin taya mai surutun tsiya, wanda idan ya kama ka da labari sai ka rasa sallar la'asar. Da na hango shi sai in kama hannun dibizer in riƙa motsa leɓe kamar mai lissafi, alhali babu ko ƙusa a kan injin. Yakan tsaya ya gaji ya tafi yana tsaki. Shi ya fi kowa yayata ni a masallaci, kuma ba zan ce ya yi mini ƙarya ba.

Duk wannan bai dame ni ba sai da na ga 'yar Alhaji. Alhaji mutumin Maraɗi ne, mai manyan motoci uku, kamiyo inji su, suna ɗauko tsakuwa daga Ntoum. Gidansa yana bayan kantin Kawu. Dattijo ne mai mutunci, kuma a duk garin babu wanda ya kai shi iya gaisuwa, har ana cewa idan ya gaishe ka da safe ka nemi wurin zama. 'Yarsa ta yi makaranta, ta fi ni Faransanci nesa ba kusa ba. A kanti muka fara haɗuwa, ta gyara mini wata kalma a gaban mutane, na ji haushi kwana biyu, a na uku na gane ba haushi ba ne. Na so ta ƙwarai, ita ma ba ta ɓoye ba.

Kawu ya je ya taɓa wa Alhaji zancen. Ya dawo fuska ba daɗi. Alhaji ya ce shi ba ya ƙin maƙeri, ba ya ƙin mai dattin hannu, amma mutumin da za a yi wa sallama ya yi shiru, bai ga yadda zai zauna da shi a matsayin suruki ba. Ita kuma ta gaya mini tana dariya cewa a gidansu kurman atiliye ake kirana. Dariyar ba ta yi nisa ba, don ta ƙara da cewa akwai wani mai kantin yadi a Plaine Orety, mai mota, mai bakin zuma, shi ma ya aiko, kuma mahaifinta ya ce kafin azumi zai tsayar da ɗaya. Saura wata guda da 'yan kwanaki.

Ana cikin haka babbar kamiyon Alhaji ta karya pinyo a hanya da kaya a kanta. Direbansa ya kawo mana gutsattsarin a ƙunshe cikin tsumma. Allah ya yafe mini, ban taɓa murna da asarar Musulmi kamar ranar ba. Idan aka jira jirgi, wurin ginin da yake kai wa tsakuwa zai ɗauki wani. Patoro ya tono wani guntun ƙarfe mai kyau da ya ɓoye tun zamanin tashar jirgi, ya feƙe shi ya fitar da faifai, ni kuma na roƙe shi ya bar mini yankan haƙoran. Shirina mai sauƙi ne. In yanka pinyon da ya fi na Faransa, in kai shi da hannuna, in durƙusa in gaishe da Alhaji har shi ma ya gaji. Abu ɗaya nake tsoro, kada ya zo atiliye. Sai na yi wautar aika Kawu ya ce masa kada ya wahalar da kansa, za a kawo masa har gida. Wannan saƙon ne ya sa ya zo.

Haƙori ashirin da uku ne, lissafinsa juyi ɗaya da huji goma sha bakwai. Na fara da sassafe. Patoro ya fita neman mai, atiliyen shiru sai kukan wuƙa. Wajen hantsi na gama rami na goma sha ɗaya, na ja tebur baya, na zare ƙusa, na yi juyi guda, ina cikin bin hujin sai na ji murya a bayana.

"Salamu alaikum."

Ko cikin barci na san muryar nan. A ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba na ga mai kantin yadi a cikin motarsa, na ga wadda ke zaune a gefensa. Numfashi uku kawai nake bukata in kai huji in matsar da yatsu. Amma numfashi uku na shiru a gaban Alhaji, bayan duk abin da aka gaya masa, ya isa ya rufe zancena. Na saki hannun dibizer, na juya, na zube ƙasa na amsa da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Na ga mamaki a fuskarsa, sai na ƙara ƙaimi. Ya tambayi kwana, na amsa na mayar. Ya tambayi gajiya da aiki da ruwan sama, ya tambayi Kawu da iyalinsa, ya tsallaka Kano ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta mai ciwo, wadda ban san ya san da ita ba. Ni ma na tsallaka Maraɗi na tambayi mutanen da ban taɓa gani ba. Mun kai minti goma. Da zai fita na ji yana ce wa direbansa, yanzu wannan yaron ne ake cewa kurma? Na koma kan inji kaina a sama. Na ga ƙusa zaune a cikin huji, na ɗauka na gama juyin, na matsar da yatsu na ci gaba, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙogwaro.

Bayan la'asar na zo haƙorin ƙarshe. Tun kafin wuƙar ta fita na ga abin da ban so ba. Haƙorin ya yi ƙiba, ya fi 'yan'uwansa faɗi ƙarara. Na kashe inji, na wanke faifan da kananzir, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha ɗaya ya rame kamar tsinken tsire. Ƙusar da na saki ba ta faɗa inda ya kamata ba, saura huji biyar, ni kuma na bi ta da yatsu kamar ita ce mai gaskiya.

Ba zan ɓoye ba, na ɗauki magagari. Idan na goge mai ƙibar, na shafe ramammen da baƙin girisi, pinyon zai shiga, zai juya, wataƙila ya kai wata guda kafin ya karye. Wata guda kuwa ya ishe ni a ɗaura aure. Na tsaya da magagarin a hannu ina tuna gangaren hanyar Ntoum idan an yi ruwa, da direban nan mai 'ya'ya biyar. Ina nan tsaye Patoro ya dawo. Ya karɓi faifan, ya ɗaga shi wajen haske, ya kalli magagarin, ya kalle ni. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce sauran ƙarfen zai fitar da faifai ɗaya tak, ba biyu ba. Sannan ya ce a atiliyensa wanda ya ɓata aiki shi ke gaya wa mai aiki.

Na sami Alhaji a ƙofar gida kafin magariba, a kan tabarma shi da abokansa, dillalin taya a cikinsu. Ya tare ni da fara'ar da bai taɓa yi mini ba, har ya matsa mini wuri. Na miƙa masa ƙunshin. Mai mota ne, ba a yi masa bayani. Ya bi haƙoran da babban yatsa har ya zo kan ramammen ya tsaya.

"Mi ya samu wanga?"

Na taho da ƙarya biyu a shirye, ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya a kan ɗaukewar wuta. Ina zaɓen wadda zan fara da ita sai dillalin taya ya yi dariya ya ce ashe aikin ma ba a iya ba, girman kan ne kawai. Ni kuwa tun ina yaro zuciyata ta fi hankalina sauri.

"Baba, gaisuwarka ce ta ci shi," na ce. "Wannan haƙorin nake kai ka yi sallama. Da na yi maka shiru da yanzu motarka tana hanya."

Abokan Alhaji suka kalli juna. Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa. Na yi bayanin faranti da ƙusa da yatsu, na ce shirun da ake zagina a kai ba raini ba ne, na mai aiki ne, ko da yake idona bai yarda ya haɗu da na dillalin taya ba a daidai nan. Da na gama, Alhaji ya sake duban ramammen haƙorin. Ya mayar da pinyon cikin tsumma, ya tura shi ƙarƙashin ƙafarsa, ya tambayi yaushe za a fara wani. Na ce jibi da safe. Ya ce in tashi in tafi, bai ce a gaida gida ba.

Kawu ya ji labari kafin in isa kanti. Ya ce a tarihin danginmu ba a taɓa samun wanda ya je neman aure ya ɗora wa uban yarinya laifi a gaban mutane ba, kuma da yana da halin jirgi da a makon nan zai mai da ni Kano. 'Yar Alhaji kuma ta aiko ta bakin matar Kawu cewa ta ga wawaye iri-iri amma ni na daban ne. Matar Kawu ta ce da kuka ta faɗa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma ban taɓa tsanar bakina kamar kwana biyun nan ba.

Ranar da aka sa, na ɗaura faifai na ƙarshe, na duba lissafi sau uku. Ina shirin kunna inji sai taksi ya tsaya a bakin titi. Alhaji ya fito da 'yar kujera a hannu da buzun salla a hammata. Ya shigo bai yi sallama ba. Mutumin da ke gaishe da kowa har wanda bai sani ba ya wuce ni kamar turken ƙarfe, ya kafa kujerarsa a bakin ƙofa, tsakanina da titi, ya zauna ya ciro carbi. Na ce a raina shi ke nan, ya zo ne ya ga ƙarshena da idonsa. Na zare ƙusar farko.

Ina kan haƙori na uku dillalin taya ya iso, don ba zai bari a ba shi labari ba. Ya buɗe murya ya yi sallama yana kallona. Kafin ta iso kunnena sosai Alhaji ya cafe ta. Ya amsa, ya kama hannun mutumin ya riƙe gam, ya bi da shi ta kwana da gajiya da iyali da kasuwar taya har sai da dillalin ya fara waige-waige. Da ya yunƙura zai ƙaraso wurina, na ji Alhaji yana tuna masa cewa idan mutum ɗaya a cikin jama'a ya amsa sallama ya ɗauke wa sauran, kuma shi ya amsa. Dillalin ya juya ya tafi.

Haka aka wuni. Direbobi suka zo, wani mai neman a gyara masa injin niƙa ya zo, wani ma hanya kawai yake tambaya, duk Alhaji ya tare su a ƙofa ya gaishe su har suka ƙoshi. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin aiki kamar shi ba. Patoro, wanda bai fahimci kalma ɗaya ba, ya fahimci komai, ya aika aka sayo masa lemo mai sanyi. Da azahar na tsaya a inda ƙusa ke zaune, yatsu a matse, na yi alama da alli. Muka yi salla kafaɗa da kafaɗa, muka idar, ya koma kujerarsa bai ce mini ci kanka ba.

Rana ta yi sanyi na yanka rami na ƙarshe. Na wanke faifan, na auna haƙoran ɗaya bayan ɗaya, na kawo abokin zamansa na cikin giyar na gara su tare a kan tebur. Suka bi juna lafiya lau babu inda suka cije. Saura a gasa shi a tsoma a mai ya yi tauri, wannan kuwa aikin gidanmu ne, ba na jin tsoronsa. Patoro ya duba ya gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinsa babban yabo ne. Na kashe inji.

Alhaji ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya fita. Na ɗauka tafiya zai yi. Ya taka har bakin titi, ya juyo, ya dawo a hankali kamar baƙon da ya sauka yanzu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Na durƙusa na amsa. Ya tambayi wuni, alhali tare muka wuni. Ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta. Bai rage ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ya tambayi Kawu, na ce yana lafiya.

"To ka ce mishi shi zo ran Juma'a in an sauko masallaci. Shi taho da goro, shi taho da manyanku."

Na buɗe baki in yi godiya, murya ta ƙi fita. Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina kallon garin ƙarfen da ke ƙasa. Ya tsaya yana jira, ya gyara buzun a hammatarsa, sannan ya leƙa bayana ya dubi firez ɗin.

"An kashe injin, yaro," ya ce. "Kana iya magana."